A Hana Yaro Makaranta, A Zage Shi Da Jahilci

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a ƙasar Hausa, wadda ya kamata mu ɗalibai mu fito fili mu kira ta da sunanta. Ita ce mu toshe wa mutum hanyar koyon abu, sa'an nan in ya yi shi a karkace mu taru mu yi masa ature. Ina wannan magana ne a kan 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu ɗaukar hoto na finafinan Hausa, waɗanda yau fiye da shekara 30 ke nan muna kallon aikinsu da daddare, muna tsine musu da safe.

Bari in tuna wa masu karatu abin da ya faru, domin mutanenmu akwai saurin mantuwa. A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Hukumar Finafinai ta Ƙasa, ta ba da sanarwar za ta gina ƙauyen fim a garin Kofa, cikin ƙasar Bebeji. An ce za a kashe naira miliyan dubu 3 a kan fili mai faɗin hekta 20. Cikin abin da aka zayyana akwai cibiyar koyar da ɗaukar hoto, da babban zauren horaswa mai cin mutum 400, da ɗakin shirya wasa, da makwancin ɗalibai, da asibiti, da kantuna, da otal. Ɗan Majalisar Wakilai na Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, yana cikin waɗanda suka tsaya wa maganar. Ba a je ko'ina ba sai gari ya ɗauka. Malamai suka hau mumbari, samari suka cika Facebook da Allah wadai, aka ce za a gina matattarar baɗala a ƙasar Musulmi. Kafin watan Yuli na wannan shekara ya ƙare, sai ga Kawu Sumaila, mai taimaka wa Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari kan harkokin majalisa, ya fito ya ce Shugaba ya ji koken jama'a, an fasa. Aka yi kabbara, kowa ya watse.

To, yau ga shi shekaru sun shuɗe, kuma ya halatta mu yi tambaya. Da aka fasa ginin, an daina yin fim? An daina rawa da waƙa a cikinsa? Yaran da aka ce za a lalata a Kofa, sun koma gona ko sun koma makarantar allo? Kowa ya san amsa. Fim bai tsaya ba ko na yini ɗaya. Daga kaset ya koma faifai, daga faifai ya koma YouTube, yau kuma ga shi a TikTok, inda yarinya 'yar shekara 15 take zama ita ce darakta, ita ce 'yar wasa, ita ce mai tace kanta, a cikin ɗakin uwarta. Abu ɗaya tak aka yi nasarar kashewa a 2016, shi ne ajin da za a zaunar da yaro a koya masa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kada wani ya ɗauka ina cewa masu adawa ba su da hujja ko kaɗan. Suna da ita, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Na farko, waɗanda suka kawo shirin ba su shawarci kowa ba. Ba su je wurin malamai ba, ba su zauna da dattawan ƙasar ba, sai dai mutane suka wayi gari suka ji labari a rediyo. Na biyu, sun sa otal da kantuna a gaba, suka bar maganar koyarwa a baya, alhali kuwa sun san abin da kalmar otal take nufi a kunnen Bahaushe. Na uku, mutumin da yake ƙauyen Tudun Wada ko Doguwa, wanda matarsa ke naƙuda ba asibiti a kusa, yana da damar ya ce ba fim ne ciwon da ke damunsa ba. Na huɗu, su kansu 'yan fim sun daɗe suna ba da ƙofa, ga abin kunyar da ya faru a 2007 wanda ya sa gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk na yarda da wannan.

Inda na rabu da su shi ne a kan magani. Mutumin da ya ce akwai ɓarna a cikin sana'a, shi ya fi kowa cancantar ya nemi a kafa mata makaranta, a yi mata doka, a sa dattawa a kanta. Me ya hana a ce wa gwamnati: cire otal, bar mana aji; raba makwancin maza da na mata; sa malamai biyu ko uku a cikin hukumar gudanarwa; kawo manhajar mu gani? Da an yi haka, da an gwada ƙarfin malamai a kan gyara, wanda shi ne aikinsu na gado. Sai aka zaɓi rushewa ɗungurungum, domin rushewa ba ta bukatar tunani, ba ta bukatar zama a kwamiti, ba ta bukatar a karanta takarda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu cewa suna kare al'ada sun manta yadda al'adar take. Bahaushe bai taɓa yarda mutum ya faɗa sana'a da ka ba. Je ka marinar Ƙofar Mata a Kano ka tambaya shekara nawa yaro yake yi yana ɗebo ruwa da toka kafin a bar shi ya tsoma zane a karofi. Je ka maƙera ka ga wanda yake zuga, shekara nawa zai yi kafin a miƙa masa masaba. Haka dukanci, haka saƙa, haka wanzanci, haka gini. Kiɗa da waƙa ma ba a bar su kara zube ba. Makaɗin fada yana da 'yan amshi, yana da masu kiɗa, yana da sanƙira, kowa ya san matsayinsa. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koyi ɗaure fata da ɗame tsarkiya, ya shiga amshi, ya haddace tarihin sarakuna da asalin kowane gida, ya san wanda ake yi wa zambo da wanda ba a taɓawa, sa'an nan in maigida ya ga ya nuna, ya sallame shi da albarka. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido da kiɗa, ya kuma yi shekaru yana amshi a bayan wansa Abdu Kurna a Maradun kafin ya ja tasa ƙungiya. Wannan zaƙin murya da nauyin magana da muke rubuta kundin digiri a kansu, a zaman koyo aka same su. Kuma a wannan zama ba kiɗa kaɗai ake koyo ba, har da ladabi, da kunya, da sanin abin da bai kamata baki ya furta a gaban mutane ba.

Finafinan bidiyo na Hausa kuwa sun taso ne ba su da wannan gata. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan samari suka ga hanya ta buɗe. Ba makarantar da ta yaye su, ba sarkin sana'ar da zai tsawata musu. Malaminsu shi ne finafinan Indiya da suka taso suna kallo a siliman Kano da Kaduna da Jos. Wanda ya koyi sana'a ta leƙe, ai abin da ya leƙo shi zai yi. Ga dalilin da ya sa saurayi da budurwa suke tsalle a gindin bishiya a fim ɗin Bahaushe, abin da ba a taɓa gani a zancen Bahaushe ba. Da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, an ba ta almakashi, an ba ta kotu, ba a ba ta allo da alli ba. Wato mun naɗa mai duka kafin mu naɗa mai koyarwa.

Ina da ƙane, ɗan kawuna, daga wani ƙauye a ƙasar Kiru. Ya gama sakandare, bai samu shiga jami'a ba, yana kuma da ido a kan hoto, domin da wayarsa ta hannu yakan ɗauki masu yankan shinkafa da masunta, in ka gani sai ka tsaya. Ya shiga birni ya liƙe wa wani mai shirya fim. Shekara uku ya yi yana ɗaukar jakar kyamara, yana riƙe fitila, yana sayo abinci a lokeshan, yana kwana a barandar ofis. Ba albashi, ba takardar yarjejeniya, ba ranar yaye. Duk lokacin da ya matso kusa da mai ɗaukar hoto don ya ga yadda ake saita haske, sai a aike shi sayen ruwa. Mai kyamarar kansa tsoro yake ji kada yaro ya iya ya karɓe masa abinci. Ranar da aka yi saɓani a kan kuɗin mota aka kore shi, ya dawo gida hannu rabbana, ba shaidar da zai nuna wa kowa cewa ya yi shekara uku a sana'a. Yanzu acaɓa yake yi. Wannan ba almajircin da kakanninmu suka sani ba ne, domin a wancan maigida yana ciyar da kai, yana tufatar da kai, yana yi maka aure, kuma abin kunya ne a gare shi a ce yaronsa ya fita bai iya ba. Na yau bauta ce da aka sa wa rigar koyon sana'a. Kuma in namiji ya sha haka, ku auna abin da yarinya take sha, wadda ba ta da wata ƙofar shiga sai yardar mutum ɗaya. Masu kishin tarbiyya da suka hana makaranta mai rajista da shugaba da doka, a hannun wa suka bar wannan yarinya?

Akwai masu cewa wasan kwaikwayo baƙon abu ne, Turawa suka kawo. Wannan magana ba ta kamata ta fito daga bakin wanda ya yi tashe yana yaro ba. Wasan tashe na watan azumi, da wasan gauta na matan fada, da kalankuwar kaka, da barkwancin 'yan kama da 'yan gambara, duk kwaikwayo ne, kuma duk gargaɗi ne ake yi da raha. A rubuce ma mun daɗe a ciki. Tun 1930 aka buga Wasannin Hausa Shida. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni ya yaƙi zalunci da su. Shu'aibu Maƙarfi ya ba mu Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Littafin Shaihu Umar na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasa, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama da Karkuzu sun shekara da shekaru suna shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin, ba wanda ya ce sun ɓata masa 'ya'ya. Me ya bambanta su da na yanzu? Sun yi aiki a ƙarƙashin gidajen watsa labarai masu tsari, inda akwai mai duba rubutu, akwai gwaji kafin ɗauka, akwai babba da zai ce wannan ba ta yi ba, a sake.

Mu leƙa maƙwabta mu gani. Indiyar da muke kwaikwaya ta kafa makarantar fim a birnin Pune tun 1960. Masar, ƙasar Azhar, ta kafa babbar cibiyar koyon silima a Alƙahira a 1959. Iran, bayan juyin juya halin 1979, ba ta kashe silima ba, ta sa mata ƙa'ida ta horar da mutane, har daraktanta Asghar Farhadi ya ci kyautar Oscar sau biyu, a 2012 da 2017, da finafinan da matan ciki suke lulluɓe. Saudiyya da kanta ta sake buɗe gidajen silima a 2018 bayan fiye da shekara 30 a rufe. Nan kusa da mu, Oumarou Ganda na Nijar ya fara ne a matsayin ɗan wasa a hannun Bafaranshe Jean Rouch, ya koyi aikin, har ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. A Nijeriya ma akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, amma ɗan talakan Bebeji nawa ne zai iya kai kansa can ya biya kuɗin makaranta da na haya?

Sai kuma 'yan siyasa, waɗanda su ma ba za su fita a wannan shari'a da farar riga ba. A mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya buɗe makarantun koyon sana'a fiye da 20 a Jihar Kano, kuma wannan yanki namu ya samu rabo: makarantar fim a Tiga, ta kiwon kifi da ta kiwon dabbobi a Bagauda, da gidan gyaran hali a Kiru. Da mulki ya canja hannu, da yawa daga cikin makarantun suka shiga halin ni-'yasu, sai bayan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga sake buɗe su. Ba ina yabon wata hula ko kushe wata ba ne. Abin da nake cewa shi ne makarantar da rayuwarta ta rataya a kan sakamakon zaɓe ba makaranta ba ce, rumfar kamfe ce. Mai ɗaukar hoto ba ya nuna a wata uku. Ana bukatar shekaru, da malamai tsayayyu, da kayan aiki da ake sabuntawa, da kasafin da doka ta tsare.

Kuma ku dubi irin ƙasar da ake wasa da ita. Ga madatsar ruwan Tiga da Gwamna Audu Bako ya gina aka gama a 1974, ga tafkin Bagauda da tsohon otal ɗinsa wanda ya koma Makarantar Horar da Lauyoyi, ga dajin Falgore, ga duwatsun Riruwai. Ga kuma sunan da yankin yake ɗauke da shi, na Bagauda, wanda tarihin Kano ya ce shi ne sarki na farko a shekarar 999. In an iya mayar da otal makarantar lauyoyi ba a ce lauyoyi za su lalata Bebeji ba, don me makarantar masu kyamara za ta zama annoba? Kuma sana'ar fim ba 'yan wasa kaɗai take ci da su ba. Tana bukatar tela, da kafinta, da mai wutar lantarki, da mai kwalliya, da direba, da mai dafa abinci, da mai haɗa hoto a kwamfuta, da mai fassara. Waɗannan duka ayyuka ne da samarinmu suke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal suna nema.

Yanzu bari in juyo gida, domin laifi tudu ne. Mu ɗaliban Hausa da malamanmu, me muka yi? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, mun ji daɗi, mun yi tafi. Amma makaɗa nawa muka taɓa ɗauka su koyar da kalangu ko kotso ko gurmi a aji, a biya su kamar yadda ake biyan malami? Muna jira su mutu mu rubuta tarihinsu. Muna fitar da ɗaruruwan masu digiri a Hausa kowace shekara, waɗanda suka san jigo da zubi da salo, suka san karin magana da tarihin Kano da Katsina da Gobir, amma ɗan fim yana can yana neman wanda zai rubuta masa labari bai samu ba, sai ya ɗauko na Indiya ya canja sunaye. Mu kuma mu zauna a ɗakin taro mu gabatar da takarda a kan gurɓacewar al'ada a finafinan Hausa. Wanda ya iya bai shiga ba, wanda ya shiga bai iya ba, kuma kowa yana ganin laifin ɗan'uwansa. Shirye-shiryen tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sun nuna cewa in aka zaunar da marubuta aka horar da ma'aikata, Bahaushe zai kalli labarin unguwarsu ba tare da an yi masa rawa a gindin bishiya ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi wa makarantar fim ta Tiga doka da kasafi na dindindin, a haɗa ta da wata jami'a ko kwalejin fasaha domin takardarta ta yi daraja. A sa malaman addini da masana Hausa da tsofaffin 'yan wasa a hukumar gudanarwarta, su yi gardamarsu a kan tebur kafin a ɗauki fim, maimakon a kan mumbari bayan an sake shi. A ɗauki makaɗan gargajiya da suka rage a raye su koyar, ko da ba su da takardar boko, domin takardarsu tana hannunsu. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai su wajabta yarjejeniya a rubuce tsakanin maigida da yaronsa: shekara nawa zai yi, me za a koya masa, nawa za a ba shi, yaushe za a yaye shi, wa zai kai wa ƙara in an zalunce shi. Duk kamfanin da ya ƙi, a hana shi lasisi. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su sa rubutun fim a manhaja, su tura ɗalibai sanin makamar aiki a kamfanonin fim da gidajen talabijin, kamar yadda ake tura ɗaliban injiniya masana'antu. Ita ma wannan ƙungiya tamu, maimakon wasan dandamali ɗaya a Makon Hausa, ta ɗauki nauyin rubuta gajeren fim ɗaya duk shekara, a je Tiga ko Falgore a ɗauka tare da yaran yankin.

Na san za a ce ɗalibi ya yi wa malamai rashin kunya. Allah ya tsare ni da raina malamai, a gabansu na koyi alif. Amma su suka koya mana cewa ba a hukunta mutum a kan abin da ba a sanar da shi ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ba daga wata ƙasa aka kawo su ba, kuma kyamara ta riga ta shiga aljihun kowannensu, ba mai iya ƙwace ta. In mun koya musu, su ɗauki tarihin Bagauda da rayuwar manomin Kiru su nuna wa duniya. In mun ƙi, wayar hannu za ta ci gaba da koya musu abin da ta ga dama, mu kuma mu ci gaba da ihu bayan hari.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, amin.